Injin Motar Taubashina

Ni bakanike ne a Magama. Garejina bai kai tafiyar minti biyar ba daga shingen kan iyaka, inda motocin Maraɗi ke jeruwa a duba musu takardu. Na haura shekara arba'in ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane, an zage ni na zagi wasu, amma sau ɗaya tak na taɓa ɗaga hannu zan mari wanda ya girme ni. Taubashina ne, ɗan goggona, kuma a kan inji ne. Ban mare shi ba. Sai dai shekara uku ke nan, in na tuna har yanzu raina ɓaci yake kamar jiya aka yi abin.

Shi direba ne, a Farfaru yake zaune. Motarsa tsohuwar Fijo ce 403 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda mutanen Nijar ke kira bashe saboda tamfol ɗin da ake rufa mata. A hannun maigidan da ya koya masa tuƙi ya same ta tun muna samari, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Ta ɗauki gero da wake da awaki, ta kai amare, ta kai gawa, tsakanin Jibiya da Maraɗi babu ramin da bai san tayarta ba. Abin da ya bambanta ta da sauran tsofaffin motocin yankinmu shi ne injinta. Wanda aka ƙero ta da shi ne, ba a taɓa sauya shi ba. Wanda ba ɗan sana'a ba ba zai gane girman wannan magana ba. A nan bakin iyaka mota sai ta ci inji uku huɗu kafin ta mutu, ka ga jiki na Faransa, inji na Japan, giya kuwa Allah kaɗai ya san daga inda ta fito.

Injin 403 ba ya ɓuya ga wanda ya san shi. A tsaye yake ƙyam, ba irin na ƙanwarta 404 ba da yake a kishingiɗe gefe guda. Fulogoginsa huɗu ba a haƙarƙari suke ba kamar na yawancin motoci, a tsakiyar murfin sama suke, kowanne a cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sifana ake kai musu. Tawa sifanar ni na haɗa ta da guntun bututu don wannan mota kaɗai. Kan injin, wanda muke ce wa tof, na alminiyon ne, gindin kuwa baƙin ƙarfe ne mai nauyin tsiya. Sau biyar na sauke injin nan na wargaza shi na mayar. Da kayan gyaransa suka ɓace daga kasuwa, ni nake yanka masa gasket da almakashi, ni nake bin garejojin Maraɗi ina tonon tarkace don neman zoben fistin. Motar tasa ce, ban musa ba, amma injin ni na raine shi.

Wata ranar kasuwa wani Alhaji daga Maraɗi ya ga motar a ajiye a bakin garejina. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya roƙa aka buɗe masa bonet, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya goge lambar da ke jikin injin da ɗan yatsa ya gwada ta da ta takarda, ya ga sun dace. Ya ce mahaifinsa da irin wannan mota ya ci abinci, kuma ya daɗe yana neman mai injinta na asali bai samu ba, duk wadda aka nuna masa sai ya tarar an yi mata dashe. Ba aiki zai sa ta ba, rumfa zai yi mata a gida. Taubashina yana tsaye a wurin, da kunnensa ya ji duk wannan, ina so a riƙe wannan da kyau. Tsufa ya kama shi, gwiwa ta ƙi, 'ya'yansa sun daɗe suna masa magana ya bar tuƙi, sai ya amince ya sayar. Aka yi da Alhaji zai dawo bayan mako biyu ya ɗauka. Ni ma na ji daɗi, don na san injin zai huta a hannun wanda ya san darajarsa.

Kwana biyu bayan haka aka kai ni Katsina aka yi mini aikin yanar ido. Na yi kwana goma a gidan 'yata. Da za a sallame ni likita ya ja mini kunne: kada in sunkuya, kada in ɗauki nauyi, kada in shiga hayaƙi.

Washegarin dawowata da hantsi ina zaune a kan benci a gareji, ido ɗaya a liƙe da auduga, mutane na zuwa yi mini sannu, sai ga wata mota shuɗiya tana sheƙi ta sulalo ta tsaya a gabana. Ban ma kula ta ba, don ƙarar ba ta wata motar da na sani ba ce. Sai na ga taubashina ya fito daga ciki da sabuwar hula, baki har kunne.

"Ɗan kawu, taso ka ga amarya!"

Na tashi a hankali. Jikin na bashe ne, ba shakka, an shafe shi da fenti har da tayoyi. Na ɗaga bonet. A inda injina yake zaune shekara da shekaru, wani ɗan ƙaramin injin Japan ne ya cika rabin wurin, da wayoyi ja da kore sun yi masa rawani. An yanke ƙafafun da tsohon injin ke zama a kansu da wutar walda, an liƙa wasu a karkace.

"Ɗan mace," na ce, "ina injin motar ga?"

"An hidda shi. Ka ga wanga? Ɗan Kwatano na, taɓawa guda shike tashi."

"Ina injin motar ga, nike tambayarka!"

Sai ya fara yi mini bayani, a natse, kamar ni ne marar hankalin. Wai Alhaji mutumin kirki ne, ya zo tun daga Maraɗi ya durƙusa ya gaishe shi. Wai yaya za a yi ya miƙa wa irin wannan mutum motar da in batir ya yi sanyi sai an zura mata hannun tayarwa na ƙarfe a gaba an murɗa kafin ta tashi. Ai sai a ce mutanen Farfaru ba su da kunya. Ko rago mutum zai sayar, wanke shi yake yi ya ba shi dusa.

"Ba ka ji da kunnenka ba ya ce tsohon injin shike so?"

"Haba, ɗan kawu, kamar ba Bahaushe ba. Kara ce shike mani. Baƙo ko ɗumame ka aje mashi ai cewa zai yi ya hi sabon tuwo daɗi. Ni kuwa sai in ɗauka da gaske?"

A nan ne hannuna ya tashi. Mai shayin da ke gefen garejina ne ya riƙe ni. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba, ba irin na wasan taubasai da muka saba ba. Na ce masa shekara hamsin yana riƙe da sitiyari bai taɓa sanin abin da yake tuƙawa ba. Na ce jakin da ke jan kura ya fi shi sanin kayan da ke bayansa. Ya tsaya yana kallona, dariyar ta bushe a fuskarsa, sannan ya ce a hankali:

"Kai hwa ke cewa kullum injin ga gara a jefa shi rijiya kowa ya huta. Shekara talatin kana hwaɗi."

"Wasa nike yi! Ba taubashina kake ba?"

"To ni na aza kana nuhi."

Wannan magana ta ƙara mini wuta, don gaskiya ce, kuma ba ni da inda zan kai ta. Duk lokacin da ya kawo motar sai na kira ta gwangwani, sai na ce injin ya girmi kakarsa, sai na ce ranar da ya mutu zan yi sadaka. Ban taɓa buɗe baki sau ɗaya na ce masa abin da yake hannunsa babu irinsa daga nan har Zinder ba. A wurinmu ɗan namiji ba ya yabon kayan ɗan mace, sai tsiya. Na yi tsiyata na more, shi kuma ashe yana tarawa.

Na ce ya kai ni wurin wanda ya yi aikin. Wani bakanike ne a bakin tasha, magidanci da gemunsa, ba yaro ba balle a yi masa uzuri. Da ya gan ni ya taso da fara'a, yana jiran yabo. Ya ce ai taimakon tsoho ya yi, kwana uku ya kwashe yana fama kafin sabon injin ya zauna. Na tambaye shi ko ya san injin me ya cire. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wani tsohon Fijo ne dai, fulogoginsa ma a wani irin wuri suke, sai da ya fasa murfin kafin ya kai gare su. Ya fasa murfin! Mutum yana kiran kansa bakanike, ya ga abin da bai taɓa gani ba a rayuwarsa, maimakon ya tsaya ya tambaya sai ya ɗauko guduma. Na danne zuciyata na ce ina injin yake yanzu. Ya ce 'yan gwangwan sun ɗauka kwana huɗu da suka wuce.

Filin 'yan gwangwan yana bayan shingen kan iyaka kaɗan, inda ake tara tsofaffin ƙarafan da ke shigowa daga Nijar kafin a loda su a tirela a kai kudu a narkar. Da muka isa tirelar tana tsaye, an cika rabinta, mai filin ya ce bayan la'asar za ta tashi. Na kwatanta masa injin, ya yi dariya ya ce shi ƙarfe yake saye ba sunan ƙarfe ba, in shiga in duba da kaina.

Na shiga. Rana ta take, ƙarfe ya yi zafin da ba a taɓa shi da hannu sai da tsumma. Duk abin da likita ya hana ni, a ranar na yi shi. Na sunkuya, na ɗaga, na ja, gumi yana shiga ƙarƙashin audugar yana cizon idon. Abin da na gani a tsibin nan ya isa ya sa mai sana'a kuka. Ga injin mota Bitil, wanda ba ya shan ruwa, da silindoginsa masu tsaga-tsaga biyu nan biyu can, an raba shi gida biyu. Ga na tsohuwar Landiroba, da na san ko yau aka zuba masa mai zai iya tashi. Na ƙirga injin 404 har uku a kishingiɗe cikin ƙasa. Ma'aikatan suna ta dukansu da guduma suna raha, babu wanda ya san wanne ne wanne, kuma babu wanda ya damu ya sani. Taubashina yana bina a baya da ɗingishi, duk baƙin ƙarfen da ya gani sai ya ce, "Ba shi ba ne wanga?" Na ce ya yi mini shiru, tunda bai gane shi yana raye ba ba zai gane gawarsa ba.

Ba a ƙasa na same shi ba, a cikin tirelar yake, an riga an loda. Sai da na hau. Ƙugiyar da ke gaban injin, wadda hannun tayarwa ke kamawa, ita na fara hangowa ta leƙo daga ƙarƙashin wata ƙofar mota. Na tura hannu na lalubi gefen hagu, na ji lambar, na ƙara gangarawa na ji ɗinkin jan ƙarfe da na yi masa da kaina shekarar da ya tsage wajen mazubar ruwa. Shi ne. Na yi hamdala da ƙarfi har ma'aikatan suka waiwayo. Aka daidaita da mai filin, mutum huɗu suka ciccibo shi suka dire a ƙasa.

Sai a lokacin na ga babu tof. Gindin ne kaɗai, ramukan silinda huɗu a buɗe suna kallon sama.

Mai filin ya ce ai ba a loda alminiyon tare da baƙin ƙarfe, ware shi ake yi, masu ƙera tukwane ke saye. Ya ce wani maƙeri a bayan kasuwar Jibiya ya kwashi na wannan makon shekaranjiya.

Muka shiga motar, ni da taubashina, da sabon injin nan yana ta sumul-sumul kamar bai yi laifin komai ba. Muka nufi Jibiya. Ni lissafina ɗaya ne: gindi ba ya aiki sai da kai, kuma kan 403 ba abin da ake samu a kanti ba ne. In tof ɗin nan yana nan, ko murfin a fashe yake, cikin kwana biyu zan iya mayar da injin mazauninsa kafin Alhaji ya zo. In babu shi, babu mota.

Maƙerin yana tsugune gaban wutarsa, ga tukwane sababbi farare a jere a rana, ga ludaya, ga kaskon suya. Mutum ne mai ladabi, ya ba mu tabarma. Na kwatanta masa: dogo kamar haka, ramuka huɗu a jere a tsakiya. Ya ce ya gane shi sarai, don bai taɓa samun alminiyon mai kyau irinsa ba, ba ya kumfa, ba ya barin ƙura. Ya ce jiya ya farfasa shi. Ya nuna tukwane uku manya da ke gefe, irin na gidan biki, ya ce ga rabinsa nan. Sauran yana cikin wuta a lokacin da muke magana. Ya tona cikin tarkacen da ke kusa da ƙafarsa ya ɗauko wani guntu kamar tafin hannu ya miƙo mini. Ramin fulogi ɗaya ne, na silinda ta uku, na gane shi don ni na sake yi masa zare.

Ban zagi maƙerin ba, sana'arsa yake yi, kuma shi kaɗai ne a duk ranar nan ya san cewa abin da ya shigo hannunsa mai kyau ne. Na juya ga taubashina na nuna masa tukwanen na ce ya zaɓi wadda za a dafa masa shinkafar murna. Na sa guntun a aljihu muka fito.

A hanya ya ce, kamar mai magana da kansa, wataƙila in Alhaji ya ga fentin ya ji yadda take tashi zai so ta a haka. Na ce masa in ya ƙara magana zan sauka in taka da ƙafa.

Ranar alkawari Alhaji ya iso da hantsi. Ni da na so in ƙi fitowa, amma a bakin garejina aka yi maganar, dole a bakin garejina a ƙare ta. Taubashina ya zo tun da sassafe ya wanke motar, ya sa babbar riga. Alhaji ya sauko daga motarsa riƙe da wani dogon abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Muka gaisa, ya tambayi idona, ya yi mini addu'a. Ya dubi shuɗin fentin, na ga fuskarsa ta ɗan canza. Sai ya warware ƙyallen. Hannun tayar da mota ne, wanda su can suke kira manibel, tsoho, mariƙinsa ya yi santsi saboda shan hannu. Ya ce na mahaifinsa ne, shi kaɗai ya rage daga motarsu, kuma tun ranar da ya ga bashen nan yake ɗokin ya tayar da ita da shi.

Ya tattara rigarsa ya tsuguna a gaban motar yana neman ramin da ake zura hannun. Babu ramin. An toshe shi, an shafe da fenti, ko ni ban lura ba sai a lokacin. Ya shafa wurin da yatsa sau biyu. Ya miƙe ya ɗaga bonet da kansa, ya duba, bai fi ƙiftawar ido ba ya sauke shi a hankali.

Taubashina ya yi saurin zura hannu ta taga ya murɗa makulli, injin ya tashi nan take.

"Ka ji, Alhaji? Ba sai ka wahala ba. Don kai na yi."

"Na gode," in ji Alhaji. "Allah shi saka da alheri. Kashe ta hakanan."

Bai yi faɗa ba, bai nemi bayani ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya naɗe hannun cikin ƙyallensa kamar yadda ya zo da shi, ya yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, ya shiga motarsa. Muna tsaye muna kallo aka ɗaga masa shinge ya wuce.

Na juyo da niyyar in ƙarasa wa taubashina abin da ya rage a cikina, don na tanadi maganganu tun dare biyu. Na tarar ya zauna a kan bencina, babbar rigar ta zube a ƙasa cikin baƙin mai bai ma sani ba. Yana kallon motar. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗan kawu," ya ce, "ashe da gaske tsufan shike so."

Na tattare masa rigar daga cikin man, na zauna kusa da shi.